Ku bar wa iyayen 'ya'yansu: renon siklid a akwariyam ɗin haɗaka a nan Bauchi

Tambayar da masu ajiye kifin ado suka fi yi min a garin nan ita ce, kifina ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, jiya da daddare na ga 'ya'yan da idona, yau na wayi gari babu ko ɗaya, me ya faru? Kuma kusan duk wanda ya tambaya zaka ji ya riga ya yanke hukunci, wai uwar ce ta cinye su, don haka nan gaba da ya ga ƙwai zai kwashe ya zuba a roba. To ni dai ra'ayina daban ne kuma a kansa na tsaya, indai siklid ne ka bar wa iyayen 'ya'yansu, sun fi ka iya reno nesa ba kusa ba. Aikinka shine ka gyara musu waje, ka zaɓi kifayen da zasu zauna tare da su, ka kula da ruwa da abinci da iska. In waɗannan sun daidaita 'ya'ya zasu tashi a cikin akwariyam ɗin da ke cike da wasu kifaye, ba sai ka sayi gilashi na biyu tun ranar farko ba.

Siklid ba baƙon kifi bane a wajenmu, karfasar da muke soyawa muna ci ai 'yar gidan ce. Dangi ne babba ƙwarai, akwai su a Afirka da Kudancin Amurka da Tsakiyar Amurka, tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan iri, haka Tanganyika da Biktoriya. Enjel ɗin nan mai faɗi da ake sayarwa, da oska mai girma, da diskas mai tsada, duk siklid ne. Abin da ya haɗa su shine basa zuba ƙwai su tafi kamar yawancin kifi, suna tsayawa su yi gadi. Wasu su manna ƙwan a jikin dutse ko ganye ko cikin kogo uwa da uba su tsare shi, wasu kuma uwar ta kwashe ƙwan a bakinta ta riƙe har ya ƙyanƙyashe.

Wannan na riƙewa a baki masunta sun san shi tun kafin mu. Wani dattijo mai kamun kifi a wajen dam ɗin Gubi na taɓa tambaya nace Baba, gaskiya ne karfasa tana cin 'ya'yanta? Sai yace ɗana ba ci take ba, ɓoye su take, in ka kamo ta a koma zaka ga ta tofar da ƙwai ko 'yan ƙanana daga baki. Kuma haka ne. Namijin karfasa yana haƙa rami zagayayye a yashi, macen ta zo ta zuba ƙwai a ciki ta kwashe da baki, ta riƙe wajen kwana 10 zuwa sati biyu bata cin komai.

Amma in akwariyam ɗinka na haɗaka ne, wato akwai tetra da daniyo da sauran ƙananan kifi a ciki, wanda nake ba kowa shawara ya fara da shi shine kiribensis, sunansa na kimiyya Pelvicachromis pulcher. Kifin Najeriya ne, asalinsa daga rafukan kudancin ƙasar nan wajen Neja Delta har zuwa gaɓar Kamaru, tun 1901 masani Boulenger ya rubuta bayaninsa, kuma yau a Turai da Amurka yana cikin siklid ɗin da aka fi ajiyewa a gidaje. Abin yana min ciwo wallahi, kifin ƙasarmu ne amma zaka shiga wajen mai sayar da kifin ado ka tarar bai san shi ba sai ka nuna masa hoto a waya, ya yi maka odarsa daga Legas ko Jos. Namijin yana kai santimita 10 ko ɗan fiye, dogo ne, ƙarshen fiffikensa na baya mai tsini. Macen ta fi gajarta da kauri, santimita 7 haka, kuma ita ce mai kyan, cikinta ja ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, in ta shirya yin ƙwai jan yana ƙara turuwa sosai. Dalilin da yasa na zaɓe shi, faɗansa yana da iyaka. Yana kare ƙofar kogonsa da ɗan filin da ke kewaye, wanda ya matsa ya bashi waje ya rabu da shi.

Ba haka konbik yake ba, wannan mai zane baƙi da fari na Tsakiyar Amurka. Shi kam haihuwa ba wuya, ko ina ka ajiye mace da namiji zasu yi ƙwai, amma ranar da suka yi sai duk kifin da ke gilashin ya tattaru a kusurwa ɗaya yana neman tsira. Haka juwel, jan nan mai ɗigo-ɗigo masu sheƙi wanda shima ɗan Afirka ta Yamma ne, kyakkyawa ne na gaske amma a lokacin reno kisa yake yi. Waɗannan biyun gilashinsu daban. Enjel kuma yana yin ƙwai a jikin ganye mai faɗi ko jikin gilashi a fili kowa na gani, shi yasa a haɗaka da wuya ƙwan ya kwana biyu.

Maganar gilashi. Tsawo na kwance ya fi tsayi na sama amfani, saboda kiribensis a ƙasa yake rayuwarsa. Ka nemi mai tsawon santimita 90 wanda zai ci lita 100 ko kusa da haka. Masu aikin gilashi da aluminiyam na garin nan suna iya haɗawa in ka basu awo, sai dai ka tsaya a kan silikon ɗin da zasu sa, kar su sa irin na banɗaki mai maganin fumfuna a ciki, guba ne ga kifi. A ƙasa ka zuba yashi mai laushi na rafi ka wanke shi har ruwan ya fita tas, don suna son haƙa, tsakuwa mai manyan ƙwayoyi kuma 'ya'ya suna faɗawa tsakaninta su maƙale. Kogo kuwa ba sai ka kashe kuɗi ba, ƙoƙon kwakwa rabi ka kankare shi ka dafa shi sosai, ka fasa 'yar ƙofa a gefe daidai shigar kifi ɗaya, ka kife shi a yashi. Ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa ma tana yi, ko guntun bututun roba na masu aikin famfo. Ka sa biyu ko uku su zaɓa da kansu, kuma ƙofar ta zama ƙarama, sun fi samun natsuwa da wadda sai sun ɗan matsa zasu shiga.

Ga wani abu da mutane basa kula da shi alhali shine rabin aikin: inda ka ajiye kogon. Kar ka sa shi a tsakiya. Ka kai shi can gefe ɗaya, ka jera duwatsu da itace da tsirrai tsakaninsa da sauran gilashin yadda in uban ya tsaya a ƙofa ba zai hango ɗaya ƙarshen ba. Siklid abin da ya gani yake kora, wanda bai gani ba babu ruwansa da shi. In gilashin fili ne fayau daga wannan bango zuwa wancan to duk ya zama nasa kenan, sauran kifin basu da wajen hutawa, shi ma ya gaji da kora ya bar 'ya'yan babu mai tsaro.

Su waye maƙwabta? Masu iyo a sama da tsakiyar ruwa, masu sauri, waɗanda bakinsu bai da girma. Daniyo, tetra irin masu ɗan jiki, rasbora, moli ma yana yi. Waɗanda basa yi sune duk mai zama a ƙasa, domin ƙasa ta kiribensis ce. Kifin nan mai tsotsar gilashi da ake ce maka yana share datti, da daddare yake yawo, iyaye na barci zai shiga kogo ya lashe ƙwai. Ƙurungu da 'yar tarwada da wasu ke sakawa don sha'awa su ne ma suka fi, kuma sau da yawa in ka bi diddigin waccan tambayar ta na wayi gari babu ko ɗaya, zaka tarar akwai ɗaya daga cikinsu a gilashin. Golfish kuma kar ma a fara, shi ruwan sanyi yake so, ga yawan kashi, ga duk abin da ya shiga bakinsa ya haɗiye. Gufi mai dogon jela zai sha cizo.

Wani zai ce to me yasa ba za'a kwashe maƙwabtan gaba ɗaya ba a huta? Nan ne nake ganin haɗaka ta fi, kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba, masu kiwon siklid sun daɗe da lura da hakan. Mace da namiji in su kaɗai ne a gilashi, zafin reno yana taso musu babu wanda zasu sauke shi a kansa, sai su juya kan juna, yawanci macen ce ke hana namijin sakat har ta yayyaga masa fiffike, wani lokacin kuma shi ne. Amma in akwai 'yan daniyo suna wucewa ta sama, kowa ya samu aikin yi, uba yana sintiri a iyaka uwa tana tare da 'ya'ya. Bayan haka ganin ƙananan kifi suna yawo hankali kwance yana sa su ma su fito fili, basa maƙalewa a kogo don tsoro.

In kana so su haɗu da kansu ka sayi matasa biyar ko shida ka bari su zaɓi juna, in biyu sun ware sai ka fitar da sauran. Ka riƙa basu abinci mai kyau, ba busasshen nan kaɗai ba, tana ka wanke ka yayyanka ƙanana, ko tsutsar sauro in ka samu a ruwan da ya kwanta, amma don Allah kar ka ajiye ruwa musamman don tara sauro a gida, zazzaɓi ya ishe mu haka. Zaka ga alama ba sai an faɗa maka ba. Macen zata zo gaban namijin ta lanƙwashe jikinta ta turo jan cikin nan tana karkarwa, su biyun su riƙa shiga kogo suna fitowa da yashi a baki suna tofarwa a ƙofa har ya yi 'yar tudu. Sai wata rana ka nemi macen ka rasa. Ta shige, ko abinci aka zuba sai dai ta leƙo ta cafki ɗaya ta koma, cikinta kuma ya saɓe. An yi ƙwai kenan, a rufin kogon take manna shi, yana iya kaiwa 50 zuwa 200 ko fiye gwargwadon girmanta.

Daga nan haƙuri ne kawai. Kar ka ɗaga ƙoƙon, kar ka haska fitilar waya a ƙofar, yara ma a hana su buga gilashi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana uku haka, amma 'ya'yan basa iyo tukuna, suna kwance a ramin da uwar ta haƙa suna motsa jela suna rayuwa da 'yar gwaiduwar da ke manne a cikinsu, sai sun ƙara kwana huɗu ko biyar. Duk wannan lokacin uwar tana kaɗa musu ruwa da fiffikenta don iska ta ratsa, tana tsince ƙwan da ya yi fari wato wanda bai ɗauka ba kafin fumfuna ta kama sauran. In haihuwar fari ce kuma suka cinye ƙwan kar ka ɗaga hankalinka ka raba su, sababbin iyaye suna yin haka sau ɗaya ko biyu kafin su gane, kuma tsoro ne yake jawo shi mafi yawa.

Ranar da ta fito da su kuwa, ni dai har yau bana iya wucewa in ban tsaya na kalla ba. Zata fara leƙowa ita kaɗai ta zagaya ta koma, sai ka ga wani abu kamar ƙura yana biyo ta ta ƙasa, 'ya'ya ne, launin yashi da ɗigo-ɗigo, kowanne bai wuce milimita biyar ko shida ba. Tafiya take a hankali suna ƙarƙashin cikinta suna tsattsagar yashi, kamar kaza da 'yan tsakinta. In inuwarka ta faɗa kan gilashin zata yi wata 'yar zabura ta karkaɗa fiffiken cikinta, nan take duk su zube ƙasa su yi lamo, ka duba ka duba baka ganin ko ɗaya sai ta sake basu alama. Wanda ya yi nisa ta bi shi ta cafke a baki ta dawo ta tofar da shi cikin 'yan'uwansa, kuma wannan ne wasu ke gani su ce tana cinye su. Uban yana gefe, duk tetra ɗin da ya sauko ƙasa ya taso masa. Can sai su yi canji, ya tsaya da yara ita ta je ta ci abinci. Da magariba ta tattara su ɗaya bayan ɗaya ta mayar kogo. Wane roba ne zai yi musu wannan?

Da dare ka bar musu ɗan haske kaɗan a ɗakin, ko 'yar fitilar caji daga nesa, yana taimaka wa iyayen su ga mai zuwa.

Abinci shine inda yawancin 'ya'ya ke mutuwa ba tare da an sani ba, yunwa ce ke kashe su ba maƙwabta kaɗai ba. Gilashin da ya daɗe yana da riba a nan, domin gansakukar da ke jikin dutse da itace da soson filta, wato matatar ruwan gilashin, cike take da ƙananan halittu da ido baya gani, kuma nan uwar ke kai su kiwo, don haka kar ka kankare komai tas saboda kwalliya. Amma wannan bai isa ba. Abin da ya fi komai shine atemiya, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansu a ƙyanƙyashe, kuma sa'ar da muka yi masu ƙyanƙyasar tarwada da shi suke fara ciyar da nasu 'ya'yan, don haka a shagunan abincin kifi ko wajen mai ƙyanƙyasa zaka samu, ba sai ka sayi gwangwani guda ba, ka roƙi a auna maka kaɗan. Ka samu gorar ruwa ka zuba lita ɗaya, gishiri kamar giram 25 zuwa 30, ƙwan atemiya rabin ƙaramin cokali, ka sa tiyon iska yana ta ɓulɓula, cikin awa 24 zuwa 36 zasu fashe. Ka cire iskar ka bari ya lafa, ɓawon ya taso sama, su kuma jajaye-jajaye su taru a ƙasa, ka zuƙo su da siririn tiyo ka tace da ƙyalle ka ɗauraye gishirin.

Yadda zaka basu ma akwai dabara. In ka watsa a sama daniyo sun cinye kafin ya sauka. Ka fara zuba wa manya nasu a can ɗaya ƙarshen su shagala, sannan ka ɗauki sirinji ka haɗa masa guntun tiyo ka sauke shi a hankali kusa da garken ka fesa. Uwar zata kai wa tiyon cizo, ba komai. Bayan 'yan mintuna ka duba cikin 'ya'yan, in ya yi ruwan lemo ya kumbura to sun ci. Kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana ya fi ka jibga sau ɗaya. In atemiya bai samu ba, garin abincin 'ya'yan tarwada mafi laushi yana yi, ko ka murƙushe busasshen abincin manya ya zama gari ka jiƙa shi. Gwaiduwar dafaffen ƙwai da ake yawan faɗa tana yi amma ni bana sonta, saurin ɓata ruwa gare ta musamman da zafi.

Ruwa kuma. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson filta su ke mayar da ita naitirait sannan naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce, shi kuma canjin ruwa ne ke rage shi. Shi yasa sabon gilashin da aka haɗa jiya baya renon 'ya'ya, sai ya yi wata guda ko fiye yana aiki. Shi yasa kuma ba'a wanke soson da ruwan famfo ko omo, a cikin ruwan da ka ɗebo daga gilashin zaka matse shi ka mayar. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, ka tara a bokiti ya kwana ya wuni a buɗe kafin ka zuba, ko ka sa maganin cire kulorin. Na rijiya ko burtsatse bai da wannan matsalar, kiribensis kuma ba mai tsirfa bane, yana jure ruwa iri-iri, abin da baya so shine yau wannan gobe wancan, don haka in daga wajen 'yan garuwa kake saye ka tsaya a kan waje ɗaya. Lokacin da akwai 'ya'ya ka riƙa canza kaɗan, kashi 10 cikin 100 bayan kwana biyu ko uku, da siririn tiyo, ka zuƙe cikin farin bokiti don in ka jawo ɗa ka gan shi ka mayar. In filtarka mai inji ce ka ɗaura soso a bakin da take jan ruwa, in ba haka ba a cikinta zaka tsinci rabinsu.

Sai yanayin garinmu, wanda littattafan waje basu san da shi ba. Kiribensis yana son zafin ruwa digiri 24 zuwa 27. A Bauchi daga Maris zuwa Afrilu zafi yana kusan 40 a waje, ruwan gilashi a ɗaki mai rufin kwano yana haura 30 cikin sauƙi, ruwa mai zafi kuma iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, in aka haɗa da ɗaukewar wuta sai ka ga kifi a sama suna haki. Ka buɗe murfin, ka saita fanka tana kaɗa saman ruwan, ka rage abinci, ka nisanta gilashin da taga. Abin da nake ganin wajibi ne ga duk mai kifi a nan shine ɗan famfon iska mai batir ko mai aiki da fawa bank, kuɗinsa bai kai na kifin da zaka rasa a dare ɗaya ba, in kana da sola ma ka haɗa famfon a kai don wutar da yake ja kaɗan ce. Wannan ne ma yasa na fi son filtar soso mai aiki da iska, ko wuta ta ɗauke soson yana cikin ruwa a buɗe, bakteriyar basa saurin mutuwa kamar na cikin rufaffiyar filta. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, matsalar ta juya, da asuba ruwa ya yi sanyi ƙarara da rana ya ɗumama, wannan hawa da saukar ne ke raunana kifi har cutar farin ɗigo ta samu damar kama jikinsa. Hita mai saita kanta tana magance shi, in babu wuta ka lulluɓe gilashin da bargo tun da yamma, ka rufe saman saboda ƙurar hazo. Ka sayi ma'aunin zafi ka manna, kar ka dogara da taɓawa da hannu. A lissafina damina ce lokacin da ya fi daɗin reno a nan, yanayi a daidaice yake.

Masu son siklid 'yan tafkin Malawi, irin rawayan nan da ake ce wa yalo lab, nasu tsarin daban ne kuma kar a haɗa su da kiribensis ko tetra, haɗakarsu ta junansu ce, da duwatsu masu yawa da ruwa mai ɗan kanwa-kanwa. Namiji ɗaya mata uku ko huɗu don kar ya takura wa ɗaya. Macen in ta ɗauki ƙwai zaka ga ƙasan haɓarta ya kumbura, tana motsa baki kamar mai tauna, abinci ya zo ta kalla ta kauce, haka zata yi kusan sati uku. 'Ya'yan basu da yawa, 10 zuwa 30 haka, amma suna fitowa da girmansu suna cin garin abinci tun ranar farko. Wasu suna kama ta su buɗe bakin su zazzage 'ya'yan, ni ban goyi bayan haka ba sai in dole, ka tara ƙananan duwatsu a kusurwa masu ramukan da babba ba zai shiga ba, ko in ta kusa saki ka mayar da ita wani ƙaramin gilashi ta sake su da kanta, ta ci abinci ta murmure kafin ta koma wajen namiji.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce a haɗaka ba duka ne zasu rayu ba, za'a riƙa rasa ɗaya-ɗaya musamman in sun fara yawo nesa da uwa. Ni hakan bai dame ni ba. In guda 100 suka tashi ina zaka kai su? Mu nawa ne masu wannan sha'awar a Bauchi da Gombe gaba ɗaya? Ashirin ko talatin masu ƙwari da suka tashi a hannun iyayensu sun fi min ɗari da suka cunkushe a roba suka tsumbure. Iyayen suna rainonsu sati uku zuwa biyar, wani lokacin fiye, sai ka ga cikin uwar ya sake yin ja ta fara kallon kogo, daga nan zasu fara korar na farkon. To a nan ne gilashi na biyu ko babbar roba mai filtar soso ke da amfani, lokacin sun kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka kwashe su da ruwan gilashinsu na asali, ka ci gaba da canjin ruwa akai-akai don shi ke sa su girma. In kuma tun kafin nan ka ga faɗa ya yi tsanani tsakanin uwa da uba, ka cire wanda ake duka, ɗaya ya isa ya ƙarasa renon.

Wajen wata uku zuwa huɗu zaka fara gane mace da namiji, a wata shida su ma sun isa yin ƙwai, don haka tun kafin lokacin ka fara neman masu karɓa, mai shago ya musanya maka da abinci ko wani kifin, abokai, ko makarantar da ke da sha'awar ajiyewa a ɗakin kimiyya. In zaka bayar ka bada mace da namiji, ka kuma gaya wa mutum 'yan uwa ɗaya ne don ya nemo jini daban nan gaba. Abu ɗaya da nake roƙo, duk yadda suka yi maka yawa kar ka kai su rafi ko dam ko kududdufi ka zuba, musamman irin su konbik da oska da 'yan Malawi da ba na ruwanmu ba. A tafkin Biktoriya giwan ruwa aka saka a shekarun 1950 don ƙara kamun kifi, bayan wasu shekaru ire-iren siklid masu yawa na tafkin suka ɓace. In ka rasa mai karɓa, ka cire ƙoƙon kwakwar ka raba mace da namiji na ɗan lokaci har waɗanda ke hannu su ragu.